Gargaɗi ga Masu Wuridi a kan Saki da Renon 'Ya'ya

Na fara da sunan Allah, Mai rahama ga dukan bayi a duniya, Mai jinƙai ga muminai a lahira. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta aure ya sanya shi sutura, ya halatta rabuwa ya gindaya mata iyakoki. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, mafi alherin mutane ga iyalinsa, da alayensa da sahabbansa da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma ba'du. Wannan 'yar takarda ce zuwa ga 'yan'uwa masu riƙon wuridi, Ƙadirawa da Tijanawa, maza da mata, Allah shi datar da mu da su. Dalilin rubuta ta shi ne abin da ya yawaita a cikinmu: mutum ba ya fashin wuridinsa safe da maraice, yana sahun gaba a zawiya, amma ran da fushi ya kama shi sai ya tsinke igiya uku da numfashi ɗaya, ya kori mace da tsakar dare, ya karɓe ɗa ranar yaye, sa'an nan ya ɗauki carbinsa ya koma zaure kamar bai yi kome ba.

Ka sani ya kai ɗan'uwa, shaihunan hanya sun haɗu a kan cewa ɗariƙa ba ta tsayuwa sai bisa shari'a, kamar yadda gini ba ya tsayuwa sai bisa harsashi. Kuma zunubi iri biyu ne. Akwai wanda ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, wannan nadama da istigfari suna wanke shi. Akwai wanda ke tsakanin bawa da bawa, wannan ba ya wankuwa sai an mayar da haƙƙi ga mai shi ko shi ya yafe. To, babu masu haƙƙi a kanka da suka fi rauni kamar macen da ka saka da ɗan da ka haifa da ita. Saboda haka ranar rabuwa ita ce ranar da ake gane abin da wuridi ya gina a zuciyar mutum. Abin da za mu ambata na hukunci kuwa bisa mazhabar Imamu Maliku ne, kamar yadda yake a Muwaɗɗa da Risala ta Ibnu Abi Zaidin da Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibnu Asimin.

Fasali na fari, a kan lafazin saki

Ka sani saki na sunna yana da sharuɗɗa. Ya zama saki ɗaya. Ya auku a cikin tsarki, ba cikin haila ko jinin biƙi ba. Ya zama tsarkin da miji bai kusance ta a cikinsa ba. Kuma kada ya bi ta da wani sakin har idda ta cika. Abin da ya saɓa wa wannan sakin bidi'a ne, kuma yana aukuwa. Abdullahi ɗan Umaru, Allah shi yarda da su, ya saki matarsa tana haila, sai Umaru ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sai ya umarce shi ya mayar da ita, ya riƙe ta har ta yi tsarki, ta sake haila, ta sake tsarki, sa'an nan in ya so ya riƙe, in ya so ya saka tun bai taɓa ta ba. Daga nan malamanmu suka ce wanda ya yi saki cikin haila, in ba na uku ba ne, alƙali yana tilasta shi ya yi kome.

Dubi rahamar da ke cikin wannan tsari. An ɗaure harshenka da jira, domin fushin da ya tashi da hantsi ba safai yake kai mako ba. An ba ka igiya uku domin ka sami wurin nadama sau biyu. Wanda ya haɗa ukun a kalma ɗaya ya saɓa wa Allah, kuma ukun sun auku a kansa a mazhabobi huɗu. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Mas'ala. Wasa ba ya hana saki aukuwa. Fushi ba ya hana shi muddin mutum ya san abin da yake faɗa. Wanda ya sha abin maye da gangan ya yi saki, ya auku bisa mashhurin zance. Wanda aka tilasta da tsoron kisa ko duka mai cutarwa, nasa bai auku ba, haka mahaukaci da yaron da bai balaga ba. Lafazi bayyananne kamar "na sake ki" ba ya bukatar niyya. Amma irin "je ki gidanku" ana komawa ga abin da ya nufa, kuma Allah ya san abin da ya nufa ko da ya ɓoye wa alƙali. Rubutu yana tsayawa matsayin furuci: wanda ya rubuta yana mai ƙudurin saki, ya auku da rubutawar, wanda ya rubuta yana shawara, ya auku in takardar ta isa gare ta. Saƙon waya kuwa rubutu ne, kada ka raina shi don sauƙinsa a yatsa. Rantsuwa da saki a kasuwa ko wurin gardama aikin fasiƙai ne, kuma idan ya yi saɓo a rantsuwar, matar da ke gida tana daka ba ta san kome ba ta saku.

Tanbihi. Wanda ya yi saki uku, matar ba ta halatta gare shi sai ta cika idda, ta auri wani aure na sha'awa da nufin zama, ya tare da ita, sa'an nan ya rabu da ita don kansa ko ya mutu, ta sake cika idda. Amma auren kisan wuta, wanda ake hayar mutum ya kwana ya saka, Manzon Allah ya la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa. A mazhabarmu ɓataccen aure ne, ana warware shi, kuma ba ya halatta ta ga na fari. Malamin da ya ɗaura shi yana sane, ya nemi tsari da abin da ya ɗauka.

Ya kai muridi, ya inganta a Sahihu Muslim cewa Iblis yana aika rundunoninsa, kuma wanda yake jawowa kusa da shi ya yaba masa shi ne wanda bai bar mutum ba sai da ya raba shi da matarsa. Harshen da kake hailala da shi da asuba, kada ka ara wa wannan la'ananne da azahar. In fushi ya zo, ka yi shiru, ka zauna in kana tsaye, ka yi alwala, ka fita zaure. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Idan kuwa zama ya ƙi, kuma ka ji tsoron za ka zalunce ta in ka riƙe ta, to saki halal ne. Ka yi shi ɗaya, bisa sunna, ka kafa shaidu adilai biyu, ka ba ta takarda mai kwanan wata domin kada a yi jayayya a kan idda. Imamu Gazali ya ambaci ladubba 4 ga mai saki a littafin aure na Ihya'u: ya yi a cikin tsarki, ya taƙaita ga ɗaya, ya tausasa mata da kyautar sallama, kuma kada ya tona asirinta, ko lokacin zama ko bayan rabuwa. Kyautar nan ita ce mut'a, mustahabbi ce a wurinmu gwargwadon halin miji, alƙali ba ya tilasta ta. Abin da alƙali ba ya tilastawa kuwa, nan ake gane mai ihsani.

Fasali na biyu, a kan idda

Iddar mai haila tsarki 3 ce. Wadda ba ta haila don ƙuruciya ko tsufa, wata 3. Mai ciki, sai ta haihu. Wadda hailarta ta ɗauke ba a san dalili ba, shekara 1: wata 9 na jiran ciki, wata 3 na idda. Wadda aka saka tun ba a tare da ita ba, babu idda a kanta, kuma tana da rabin sadakin da aka yanka.

Ka saurara da kyau, domin nan ne al'ada ta rinjayi mafi yawanmu. Allah Ta'ala ya yi hani a farkon Suratuɗ Ɗalaƙi ga fitar da matan da aka saka daga ɗakunansu, ya kuma hana su su fita, ya kira wannan iyakokinsa, ya ce mai ƙetare su kansa ya zalunta. Ma'ana, wadda aka saka a ɗakinta take idda, a gidan mijinta. Tana fita da rana don bukatarta, amma nan take kwana. Idan sakin kome ne, wato na fari ko na biyu ba da fansa ba, ci da sha da tufa da wurin kwana duk suna kan miji har idda ta cika, kuma in ɗayansu ya mutu a ciki ɗayan yana gadonsa. Sai dai ba ya shiga ya keɓe da ita har sai ya yi kome da niyya, kuma an so ya kafa shaidu a kan komen. Idan sakin yankewa ne, tana da wurin zama kawai, sai in tana da ciki, to tana da ciyarwa har ta haihu.

Mu kuwa me muke yi? Da an miƙa takarda sai mace ta ɗaure kwanukanta, ta goya ɗa, ta kama hanyar gidan ubanta tana kuka a idon unguwa. Uban kuma ya ji zafi ya ce ba ta komawa. Dangi su shiga, magana ta yi yawa, abin da kwana 7 na shiru a gida ɗaya zai gyara sai ya zama gaba ta shekaru. Allah ya ambata a wannan wuri cewa bawa bai sani ba ko Ubangiji zai fito da wani al'amari bayan haka, malamai suka ce shi ne juyowar zuciya ga kome. Wanda ya kore ta ya rufe ƙofar da Allah ya bari a buɗe.

Ke kuma 'yar'uwa, an amince miki a kan abin da ke cikinki. Haram ne ki ɓoye ciki, haram ne ki ce idda ta cika alhali ba ta cika ba don wani yana jira. Mai neman bazawara ya sani, bayyana neman aure cikin idda haram ne. Wanda ya ɗaura aure a cikinta ana warware shi, in kuwa ya tare da ita ta haramta gare shi har abada a mazhabar Maliku, bisa hukuncin Sayyidina Umaru.

Fa'ida. Wanda ya saki matarsa cikin ciwon da ya mutu a cikinsa, tana gadonsa ko da idda ta cika, ko da ta yi wani aure. Sayyidina Usmanu ya ba matar Abdurrahmani ɗan Aufu gado a irin wannan. To, wane amfani ga mutumin da ke bakin kabari ya rufe littafinsa da dabarar hana gado?

Fasali na uku, a kan ƙofar alƙali

Igiya tana hannun namiji, amma Allah bai bar mace ba ƙofa ba. Haulatu 'yar Sa'alaba ta zo tana jayayya da Manzon Allah a kan mijinta Ausu ɗan Samitu wanda ya yi mata zihari, tana kai kukanta ga Allah, sai aka saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Wanda ya ji kukan Haulatu yana jin na matarka a bayan ɗaki.

Ƙofa ta fari hul'i, wato mace ta fanshi kanta. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta ƙi zama da shi ba don wani aibi a addininsa ba, Manzon Allah ya sa ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, ya rabu da ita. Hul'i saki ɗaya ne yankakke, babu kome a cikinsa sai da sabon aure da yardarta. Ya halatta da sadaki, ko ƙasa da shi, ko sama, sai dai karɓar fiye da abin da ka bayar ba halin mutanen kirki ba ne. Kaicon mutumin da ke tsayawa gaban alƙali yana lissafa goro da turare da kuɗin zance na shekara 10, ga mace ta haifa masa 'ya'ya ta dafa masa tuwo duk tsawon nan. Kuma ka sani, idan ya tabbata cutar da ita ya yi har ta gaji ta fanshi kanta, ana mayar mata da dukiyarta, sakin kuwa ya tabbata.

Ƙofa ta biyu cutarwa, kamar duka da zagi da ƙauracewa ba bisa haƙƙi ba. In ta tabbatar da shaidu, ko da shaidar ji wadda ta watsu a bakin maƙwabta, alƙali yana ba ta zaɓin rabuwa ba tare da ta biya kome ba. In ƙara ta maimaitu babu hujja, sai ya zaunar da su cikin mutanen kirki masu lura. In abin ya rikice, sai ya tashi masu sulhu 2, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Su fara da gyara. In ya gagara, suna da ikon raba su da saki ɗaya, kuma hukuncinsu yana zartuwa ko miji bai so ba.

Ƙofa ta uku rashin ciyarwa: alƙali yana yi wa miji jinkiri gwargwadon ganinsa, in bai samu ba ya sake ta a kansa. Wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba, ana ba shi wata 4. Wanda ya kasa kusantarta tun farko, shekara 1. Wanda ya ɓace ba a san inda yake ba, ana bincike, a yanka mata shekara 4 in akwai abin ciyar da ita a dukiyarsa, sa'an nan ta yi takaba wata 4 da kwana 10.

Wannan shari'a ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Alƙalai suna hukunci da ita tun kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma ba su hana alƙalai shari'ar aure ba. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa irin wannan kotu ikon duba al'amuran aure da rabuwarsa da riƙon yara tsakanin Musulmi. Hanya ita ce a fara da waliyyai da liman da mai unguwa, ko Hisba inda take, kamar ta Kano da aka kafa da doka a 2003. Waɗannan sulhu suke yi, raba aure a kan miji kuwa sai alƙali. In sulhu ya ƙi, a shigar da ƙara, a aika sammaci, mai da'awa ya kawo hujja, a ji ta bakin wanda ake ƙara. Kafin alƙali ya yanke sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Wanda bai gamsu ba yana da hanyar ɗaukaka ƙara.

Amma ya kai mai wuridi, alƙali da zahiri yake hukunci. Manzon Allah ya gargaɗi masu husuma cewa wani ya fi wani iya baki, kuma wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa da iya bakinsa, yankin wuta aka yanka masa. Ƙin amsa sammaci don a wahalar da mace, da sayen shaidun zur, da barin ta a rataye, ita ba mai miji ba ita ba bazawara ba, duk wannan a rubuce yake a wata kotu wadda ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta. Ke ma ki ji tsoron Allah, kada ki nemi saki ba da dalili ba, kada ki ƙaga wa miji cutar da bai yi ba don ki tsira da sadaki.

Fasali na huɗu, a kan renon 'ya'ya

Wannan shi ne mafi nauyin abin da ke cikin takardar nan. Ka sani reno, wanda malamai ke kira hadana, haƙƙin uwa ne bayan rabuwa. Ɗa namiji yana wurinta har ya balaga. 'Ya mace tana wurinta har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Wannan shi ne zancen mazhabarmu. Babu inda aka ce ranar yaye, babu inda aka ce shekara 2.

In ka ce, ai ɗa na uba ne, sai mu ce: gaskiya ne ta wajen nasaba da walicci da ciyarwa. Sunanka yake ɗauka, kai kake aurar da 'yarka, kai kake ciyarwa. Amma kwana da goyo da wanka da jinya an ba uwa, domin an halicce ta da tausayin da ba a ba ka ba. Wata mace ta kawo ƙara ga Manzon Allah cewa uban ɗanta ya sake ta yana son ya karɓe shi, sai ya hukunta ita ta fi cancanta da shi muddin ba ta yi aure ba, Abu Dawuda ya ruwaito. Kuma Maliku ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umaru ɗan Haɗɗabi ya rabu da uwar ɗansa Asimu. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya ɗauke shi ya ɗora bisa abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta riske shi ta yi jayayya da shi har gaban Abubakar Siddiƙu. Abubakar ya umarce shi ya bar mata yaron, Umaru kuwa bai mayar da magana ba. Umaru ke nan, da ƙarfinsa da kwarjininsa, ya sakar wa tsohuwa ɗan cikinsa don gaskiya ta bayyana. Kai wane ne?

In uwa ta mutu ko haƙƙinta ya faɗi, reno ba ya tsallakawa ga uba nan da nan. Kaka uwar uwa ce a gaba, sa'an nan ta sama da ita, sa'an nan inna 'yar'uwar uwa, sa'an nan innar uwar, sa'an nan kaka uwar uba, sa'an nan uba, sa'an nan 'yar'uwar yaron, sa'an nan gwaggo, har zuwa wasiyyi da sauran dangin uba. A shekara ta 7 bayan Hijira, Aliyu da Ja'afaru da Zaidu sun yi jayayya a kan riƙon 'yar Hamza, sai Manzon Allah ya ba Ja'afaru, domin matarsa Asma'u 'yar Umaisu innar yarinyar ce, ya bayyana cewa inna tana matsayin uwa.

Sharuɗɗan mai reno su ne hankali, da iya ɗawainiyar yaro, da amana, da wuri amintacce musamman ga 'yar da ta tasa, da kuɓuta daga ciwo mai cutar da yaron, da iya tattalin abin da aka ba ta na ciyarwa. Namiji ba ya karɓar reno sai yana da macen da za ta kula da yaron. Haƙƙin uwa yana faɗuwa in ta auri wani ya tare da ita, sai fa in mijin muharramin yaron ne kamar baffansa, ko yaron ya ƙi nonon wata, ko mai haƙƙi a bayanta ya sani ya yi shiru har shekara 1. Haka in uba zai ƙaura ƙaurar zama zuwa nisan baridi 6, wato mil 72, bisa hanya amintacciya, yana tafiya da ɗansa, sai in ita ma za ta ƙaura tare. Tafiyar fatauci ko cin rani ba ta cikin wannan. Wanda ya ƙagi ƙaura don ya raba ta da ɗa, ya yaudari alƙali ne kawai.

Ciyar da yaro da tufatar da shi suna kan uba gwargwadon halinsa, namiji har ya balaga yana iya nema, mace har miji ya tare da ita. Mai reno ita ke karɓa, ba ka da ikon cewa a aiko shi ya ci a gidanka ya koma. Wadda aka saka saki yankakke, in tana shayarwa tana da ladan shayarwa, kuma cikar shayarwa shekara 2 ce kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, inda aka hana a cuci uwa saboda ɗanta, ko uba saboda ɗansa. Uba yana da haƙƙin ganin ɗansa da ladabtar da shi da kai shi makaranta, da dare ya koma wurin uwarsa. Ke uwa, kada ki hana shi wannan, kada ki zagi uba a kunnen ɗa, kada ki ɗora wa 'yarki tallan dare, domin amana ce sharaɗin riƙonki.

Mu da muke zaune da allo mun san waɗannan yara. Ana kawo yaro ɗan shekara 5 daga gari mai nisa a ce an kawo shi karatu, ka duba ka ga ba karatu ne ya kawo shi ba, an kawo shi ne don kada uwarsa ta san inda yake. Da rana yana riƙe da allo, da dare yana kiran sunan da ba mai amsawa. Wani kuma an bar shi hannun kishiyar uwa, shi ne na ƙarshe a kwano na farko a aike. Ayyuka da niyya suke. Wanda ya mayar da Alƙur'ani sandar ramuwa ga matar da ya saka, me zai faɗa wa Mai Alƙur'anin? Ya zo a hadisin Tirmizi cewa wanda ya raba uwa da ɗanta, Allah zai raba shi da masoyansa ranar alƙiyama. A kan bayi aka faɗe shi, to ina ga 'ya'ya?

In ka ce haka muka tarar a garinmu, sai mu ce al'ada ana aiki da ita inda shari'a ta yi shiru, nan kuwa ba ta yi shiru ba. In uwa ta bar maka yaro da daɗin ranta, babu laifi. Amma yardar da aka samo da tsoro, ko da hana ciyarwa, ko da cewa ba takarda sai ta ajiye ɗa, kai ka san sunanta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah shi jiƙansa, ya zargi malamai a Nurul Albabi saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Da mata sun san wannan babi, da yawan zaluncin nan bai samu wuri ba. Ku karantar da su shi.

Cikawa

Ya kai ɗan'uwa, kafin ka ɗauki carbi yau da dare, yi wa ranka hisabi. Akwai macen da ka fitar cikin idda ba ka ciyar ba? Akwai wadda ka ƙuntata har ta biya ka? Akwai ɗan da ke gidanka alhali haƙƙin uwarsa ne ko kakarsa? Akwai wanda ke wurinta ka manta da cinsa? In akwai, ƙofar tuba a buɗe take. Ka mayar da dukiya, ka biya abin da ta kashe wa yaron ba da nufin kyauta ba, ka mayar da ɗa ko ku yi sulhu bisa yardarta ta gaskiya, ka aika dattijo ya roƙa maka gafara. Rai zai ce maka wannan ƙasƙanci ne a idon mutane. To wannan ita ce mujahada, ta fi azumin nafila zafi ga rai, kuma ta fi kusa da buɗi. Muƙaddami ma ya tambayi almajirinsa halin gidansa kamar yadda yake tambayarsa wuridinsa.

Manzon Allah ya ba sahabbai labarin matsiyaci na gaskiya, shi ne wanda zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wannan, ya doki wannan, sai a yi ta ɗiban ladansa ana ba su, in ya ƙare a ɗebo zunubansu a ɗora masa. Ka tuna istigfarinka da salatinka da hailalarka na shekara 30. Kada ka tashi ran nan ka gan su a ma'aunin matar da ka kora, kai kuwa hannu wofi.

Ya Allah ka sanya albarka a gidajen Musulmi, ka daidaita tsakanin ma'aurata, wanda rabuwa ta zama alheri gare su ka raba su da kyautatawa, ka wadata kowanne daga falalarka, ka jiƙan yaran da ke tsakani. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, ya sa tsohon da ya rubuta cikin addu'arsa ta cikawa da imani. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Amin.